Yadda ake zaɓen ajin motar a-kori-kura: na ƙasa, na tsakiya ko na sama

Kamfanonin ƙera motoci sukan ɗauki motar a-kori-kura guda, mai shasi ɗaya da suna ɗaya, su kasa ta aji-aji, kowane aji da kayan da aka ɗora masa da kuma farashinsa. Ford F-150 tana farawa daga XL, ta hau XLT da Lariat da King Ranch, har ta kai Platinum. Chevrolet Silverado tana tashi daga WT, ta bi ta Custom da LT da LTZ zuwa High Country, ita kuwa Ram 1500 daga Tradesman take somawa, ta wuce Big Horn da Laramie ta kai Limited. Haka abin yake ga motocin da ba su kai waɗannan girma ba, domin Toyota Hilux a Ostireliya tana da WorkMate da SR da SR5 da Rogue, Ford Ranger kuma tana da XL da XLT da Wildtrak da Raptor. Sunayen suna sauyawa daga ƙasa zuwa ƙasa da kuma daga shekara zuwa shekara, amma tsarin ɗaya ne, kuma a wasu motocin kuɗin ajin can sama yakan kusan ninka na ajin farko.

Wanda ya shiga wurin sayar da motoci bai shirya ba, yawanci ajin sama za a fara nuna masa, domin shi ake ajiyewa a gaba, an wanke shi yana ƙyalli, kuma a kansa ne ribar mai sayarwa ta fi kauri. Da zarar mutum ya zauna a kujerar fata ya ga faffaɗan allo a gabansa, duk motar da aka nuna masa bayan wannan sai ya ga kamar an rage mata wani abu. Abin da nake ganin ya fi dacewa shi ne a bar zancen aji ya zo a ƙarshe. A fara tsayar da abubuwan da ba sa canzuwa bayan an ƙera mota, wato girman kan motar, inda mutane ke zama, da tsawon bodi da inji da giya da nauyin da za ta iya ɗauka, sa'annan a nemi aji mafi ƙasa da ya tattara su duka, kuma kada a hau sama da shi sai da dalilin da mutum zai iya faɗa da bakinsa.

Mataki na farko: a rubuta aikin da motar za ta yi

Ka ɗauki takarda ka rubuta yadda mako ɗaya na aikin motar zai kasance, makon da aka saba, wanda zai riƙa maimaita kansa duk shekara. Mutum nawa ne za su riƙa shiga, kuma manya ne ko yara? Wane irin kaya za a riƙa ɗorawa, mene ne nauyinsa da tsawonsa, kuma mai ɓata wuri ne kamar siminti da taki, ko kuwa mai buƙatar kariya daga ruwa da ƙura? Awa nawa direba zai riƙa yi a bayan sitiyari kowace rana, a kan kwalta ko a hanya mai gargada da laka? Za a ja tirela, in kuwa za a ja, nawa ne nauyinta idan an cika ta? Tambayar da aka fi mantawa ita ce wa zai riƙa tuƙa motar, mai ita ko ma'aikatan da za su riƙa karɓa-karɓa. Motar da hannu da yawa ke taɓawa ba ta riƙe kwalliya, kuma kuɗin da aka zuba wa kujerunta da allonta yakan tafi a banza cikin ɗan lokaci.

Aikin da yake zuwa jefi-jefi kada ya ja ragamar zaɓin. Idan sau ɗaya ko biyu a shekara ake buƙatar jan babbar tirela, ɗaukar hayar mota a ranar ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan biyan kuɗin babban inji da shan mansa tsawon shekara.

Mataki na biyu: kai, bodi da inji

Kan motar, wato wurin zaman direba da fasinjoji, iri uku ne: mai ƙofa biyu da layin kujera ɗaya, mai ɗan ƙarin fili a baya wanda ya fi dacewa da kaya ko gajeriyar tafiya, da kuma mai ƙofa huɗu da cikakkiyar kujerar baya. Tsawon shasi yana da iyaka, saboda haka duk abin da kai ya ci, daga bodi yake fita. A nan ne za a fara ganin yadda aji yake ɗaure wa mutum hannu. F-150 tana da bodi mai tsawon ƙafa 5.5 da 6.5 da 8, amma King Ranch da Platinum da kai mai ƙofa huɗu kaɗai suke zuwa, shi kuwa wannan kan ba a haɗa shi da bodin ƙafa 8. Kafintan da yake son ya shimfiɗa allon katako mai faɗin ƙafa 4 da tsawon ƙafa 8 a kwance, ya rufe ƙofar bodi ya kama hanya, a azuzuwan ƙasa kaɗai zai sami biyan buƙata, ko da kuwa yana da kuɗin na sama a hannu.

Batun inji kuwa yakan ja mutum sama. Hilux mai injin dizal na lita 2.4 tana da ƙarfin doki 150 da ƙarfin murɗawa Nm 400 (Nm shi ne ma'aunin wannan ƙarfi), yayin da mai lita 2.8, tun gyaran da aka yi mata a 2020, take da ƙarfin doki 204 da Nm 500 idan an haɗa ta da giya mai canza kanta, kuma a ƙasashe da yawa wannan babban injin daga ajin tsakiya yake farawa. Kamfanonin Amurka sun fi sakin mara a wannan fanni, domin ana iya sa injin V8, wato mai silinda takwas, mai lita 5.0 a F-150 XL, ko V8 mai lita 5.3 a Silverado WT, ba tare da an sayi kujerar fata ba. Abin yi shi ne a fara yanke shawara a kan injin, sa'annan a duba teburin kamfani a ga ajin da ya fi ƙasa a cikin waɗanda ake sa musu shi. Mai son giyar hannu ya sani cewa inda har yanzu ake yin ta, galibi a azuzuwan ƙasa take.

Mataki na uku: lissafin lodi

Wannan shi ne wurin da masu saye suka fi ruɗuwa, domin hankali yana ba mutum cewa motar da ta fi tsada ita ce za ta fi ɗaukar kaya, alhali sau da yawa akasin haka ne. Kowace mota tana da iyakar nauyin da kamfani ya yarda ta kai idan an haɗa ita kanta da manta da mutanen cikinta da kayan bodinta. Idan aka cire nauyin motar tana wayam daga wannan iyaka, abin da ya rage shi ne lodin da ta halatta ta ɗauka. Iyakar ba ta cika sauyawa sosai tsakanin aji da aji ba, tun da shasi da birki da sifirin kusan ɗaya ne, amma nauyin motar yana ƙaruwa da kowane abu da aka ɗora mata. Rufin gilashi mai buɗewa yana da nauyi, kujeru masu motsi da lantarki suna da injuna a ƙarƙashinsu, manyan wili da matakalar gefe da ƙarin lasifika da kayan toshe ƙara duk suna da nasu, kuma kowane kilo daga rabon lodi ake cire shi.

Ga misali domin a ga yadda lissafin yake tafiya. A ce iyakar mota kilo 3,200 ce, kuma ajin ƙasa yana da nauyin kilo 2,200, ajin sama kuwa 2,350. Na farko zai ɗauki kilo 1,000, na biyu 850. Idan manya huɗu suka shiga, a ƙaddara kilo 320 sun tafi. Akwatin kayan aiki da murfin bodi su ci kilo 100. Idan kuma an maƙala tirela mai kilo 2,500, kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyinta a kan ƙugiyar bayan motar yake sauka, wato aƙalla kilo 250, kuma shi ma cikin lodi ake ƙirga shi. Abin da ya rage wa bodi a ajin ƙasa kilo 330 ne, a ajin sama kuwa 180 kacal, wanda buhunan siminti huɗu masu kilo 50 sun riga sun wuce shi.

Adadin da ake bugawa da manyan haruffa a talla shi ne mafi girman abin da wani nau'i guda na motar zai iya ɗauka, kuma kusan kullum wannan nau'in mai ƙofa biyu ne, maras kayan ƙawa, wanda tayoyin baya kaɗai ke tura shi. Gani ya kori ji: ka buɗe ƙofar direba ta ainihin motar da kake ciniki, ka duba takardar da aka manna a jikin ginshiƙin ƙofar. A motocin kasuwar Amurka akwai takarda mai launin ɗorawa da fari da ke faɗin jimlar nauyin mutane da kaya da bai kamata a wuce ba ga wannan motar ita kaɗai, a wasu ƙasashen kuma faranti ne ko takarda mai nuna iyakar nauyi gaba ɗaya da ta kowane aksul, wato sandar da ke haɗa tayoyi biyu. Ka buɗe ƙofofin motoci biyu ko uku masu aji daban da ke jere a fili ɗaya, ka rubuta abin da ka gani. Lodin da ya wuce ƙima yana tsawaita nisan tsayawar birki, yana zafafa taya, yana kuma iya zama hujjar da kamfanin inshora zai ƙi biya idan hatsari ya auku, saboda haka ba wurin yin kasada ba ne.

Azuzuwan da aka yi domin gudu a daji su ne suka fi fito da wannan a fili. Ranger Raptor tana cikin mafi tsada a gidansu, amma an musanya mata sifirin na baya mai faifai da mai murɗe, an sa mata shoka masu laushi da doguwar tafiya domin ta shanye gargada da gudu, sakamakon haka kilo 2,500 aka yarda ta ja, yayin da 'yan'uwanta masu rahusa da yawa suke jan 3,500. Mota ce mai kyau ga abin da aka yi ta dominsa, sai dai wanda ya saye ta don jigila ya biya ƙarin kuɗi ya sami ragin aiki.

Mataki na huɗu: jan tirela da tuƙi da taya huɗu

Ƙarfin jan tirela ya dogara ne ga inji da giya da na'urar sanyaya su, da ƙugiyar da kamfani ya sa, da kuma lissafin haƙoran aksul na baya, wato sau nawa sandar da ke fitowa daga giya take juyawa kafin taya ta juya sau ɗaya. A F-150, alal misali, akan sami 3.31 da 3.55 da 3.73, kuma gwargwadon girman lambar gwargwadon ƙarfin tashi da kaya, tare da ɗan ƙarin shan mai a doguwar hanya. Waɗannan abubuwa yawanci ƙunshi ne da ake saye daban, wanda ake iya ɗora wa ajin ƙasa, kuma akwai motocin ajin sama da ke fitowa babu shi. Ka tambaya musamman ko motar tana da na'urar sarrafa birkin tirela daga cikin kai, da madubin gefe masu miƙewa, domin kasancewar ƙugiya a baya ba ya tabbatar da cewa sauran kayan suna nan.

A batun taya huɗu akwai bambanci na haƙiƙa tsakanin azuzuwa, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. Tsarin da aka saba sa wa ajin ƙasa yana ɗaure gaba da baya su juya da gudu ɗaya, wanda yake da amfani a laka da yashi, amma ba a barin sa a kunne a busasshiyar kwalta, domin a kwana tayoyin gaba suna buƙatar yin tafiyar da ta fi ta baya, idan kuwa aka hana su sai kayan giya su riƙa ɗaurewa suna cin kansu. Wasu azuzuwan sama suna da tsarin da ake iya barinsa a kunne a kowace hanya. Mitsubishi L200, wadda ake kira Triton a wasu ƙasashe, tana sa Easy Select a ƙasa da Super Select a sama, Ford kuma ta daɗe tana sa tsari mai kunna kansa a F-150 daga Lariat zuwa sama. Ga wanda hanyarsa take cakuɗe, nan kwalta mai santsi can tabo ko ƙanƙara, wannan dalili ne mai ƙarfi na hawa aji. Wanda kuwa sai ya sauka daga kwalta yake buƙatar taya huɗu, tsarin ajin ƙasa ya wadatar da shi, musamman idan an haɗa da makullin da ke sa tayoyin baya biyu su juya tare, wanda shi ma sau da yawa ana samun sa a matsayin ƙari mai zaman kansa.

Mataki na biyar: a raba kayan zuwa gida biyu

Yanzu sai ka ɗauko jerin abin da ajin sama ya fi na ƙasa da shi, ka bi shi layi-layi, kana tambayar kanka ko za a iya sa wannan abu bayan an sayi motar. Shimfiɗar kare bodi, murfin bodi, matakalar gefe, rigar kujera, tabarmar ƙasa, ingantattun tayoyi da ƙarin lasifika duk ana sa su daga baya, kuma mutum ya zaɓi irin da yake so a lokacin da aljihunsa ya ba shi dama. Ba su isa su zama dalilin hawa aji ba.

Gida na biyu shi ne abin da aka saƙa a cikin wayoyi da kwamfutar motar tun daga masana'anta, wanda sa shi daga baya ko dai ba ya yiwuwa ko kuma ba ya yin kyau. A nan ne na'urorin kariya suke: birki mai kama kansa idan mota ta doshi wani abu, na'urar gargaɗi idan akwai abin hawa a gefen da madubi ba ya nunawa, na'urar riƙe tazara da motar gaba, kyamarorin da ke nuna kewayen mota, da yawan jakunkunan iska. Doka ta rage tazarar da ke tsakanin azuzuwa a wasu wurare. Tun watan Mayu na 2018 kowace sabuwar ƙaramar mota a Amurka dole ta zo da kyamarar baya, a Tarayyar Turai kuma tun watan Yuli na 2024 birki mai kama kansa ya zama wajibi ga sababbin ƙananan motoci, Toyota ma ta sa tarin na'urorin kariyarta a kowane ajin Tacoma tun samfurin 2018. Amma wannan bai game duniya ba, kuma mota mai suna ɗaya tana iya zuwa da jakunkunan iska bakwai a wata kasuwa, ta zo da ƙasa da haka a wata. Ka nemi takardar bayanin ƙasar da aka yi motar dominta, kada ka dogara da abin da ka karanta game da wata ƙasa.

Fitilun gaba suna buƙatar kulawa ta musamman. Cibiyar IIHS ta Amurka, wadda kamfanonin inshora ke ɗaukar nauyinta, ta fara gwada fitilun motoci a 2016, kuma sau da yawa mota ɗaya takan sami sakamako daban-daban gwargwadon ajin da aka gwada. Sauya ƙwan fitila da mai ƙarin haske ba ya gyara wannan, domin gidan fitilar ne yake tsara inda haske zai sauka, kuma ƙwan da bai dace da gidansa ba makantar da masu tahowa yake yi. Ga mai yawan tafiyar dare, fitila mai kyau ta fi kujerar fata daraja a wurina, kuma idan ita kaɗai ce ta sa mutum ya hau aji ɗaya, kuɗinsa bai tafi a banza ba.

Sai kuma jin daɗin zama, wanda bai kamata a raina shi ba. Wanda yake yin awa biyar ko shida kullum a mota, kujera mai tallafe ƙugu, sitiyari mai matsowa da ja da baya, na'urar sanyaya iska mai kai wa kujerar baya da kuma raguwar ƙarar hanya suna shafar lafiyar bayansa da natsuwarsa a tuƙi, kuma gajiyayyen direba shi ne mai yin kuskure. A gefe guda, ƙasan roba da kujerar leda ko ta yadi mai kauri na ajin ƙasa su ne daidai ga wanda yake shiga da takalmi mai laka, domin tsumma mai ruwa ya ishe su, alhali kafet yana riƙe danshi da wari.

Mataki na shida: abin da za a kashe bayan saye

Farashin ranar saye somin-taɓi ne. Ajin ƙasa yakan zo da wili na ƙarfe mai inci 16 ko 17, na sama kuwa da na alminiyam mai inci 18 ko 20, wani lokaci har 22. Tun da tsayin taya gaba ɗaya kusan ɗaya ne, duk girman da wili ya ƙara daga kaurin gefen taya yake fita, kuma wannan gefen shi ne yake shanye duka idan an faɗa rami. Wilin ƙarfe idan ya bugu lanƙwashewa yake yi, a miƙe shi a ci gaba da tafiya, na alminiyam kuwa yana iya tsagewa, sai dai a sayi sabo. Manyan tayoyi sun fi tsada, kuma sau huɗu za a biya bambancin duk lokacin da aka zo canji.

Haka kuma kowace na'ura da aka ƙara wa mota wuri ne da zai iya lalacewa. A F-150 na'urar da ke gano abin hawa a gefe tana zaune ne a cikin fitilar baya, ita kuwa fitilar bayan a-kori-kura tana daidai wurin da katako da bututu da ƙofar sito suke bugawa, saboda haka ɗan karon da a ajin ƙasa zai tsaya a canjin murfin fitila, a ajin sama yana iya zama babban gyara. Gilashin gaban da ke ɗauke da kyamara idan ya fashe, bayan an canza shi sai an sake saita kyamarar da na'ura ta musamman. Madubin gefe mai naɗe kansa, mai kyamara da fitila a ciki, ba a kwatanta kuɗinsa da na madubi zalla. Ana iya samun Ram 1500 da tsarin jakunkunan iska masu ɗauke nauyin mota a madadin sifirin, mai daɗin tafiya da iya ɗaga mota ko sauke ta, amma idan shekaru suka ja, gyaran famfonsa da jakunkunansa ya fi na sifirin ƙarfe nauyi. Ka tambayi kanka ko akwai makanike da kayan gyaran irin waɗannan na'urori a inda motar za ta yi aiki, kuma shekara nawa kake niyyar riƙe ta bayan garanti ya ƙare. Ka kuma nemi kamfanin inshora ya ba ka farashin azuzuwa biyun a rubuce kafin ka sa hannu a komai.

Idan da bashi za a saya, mai sayarwa zai so ya mai da zancen kan abin da za a biya kowane wata, inda bambancin aji yake zama kamar ɗan abu kaɗan. Ka ninka wannan bambancin da adadin watannin bashin domin ka ga ainihin girmansa. A wajen sayarwa daga baya kuwa, galibi kayan ƙawa sun fi inji da shasi saurin zubar da daraja, ajin da ya yi tsirara ƙwarai kuma masu nemansa ba su da yawa in ban da 'yan kwangila da kamfanoni. Wannan ne ya sa azuzuwan tsakiya irin su XLT da SR5 da LT da Big Horn suka fi sauƙin samun mai saye.

Mataki na bakwai: a gina motoci uku a takarda

Yawancin kamfanoni suna da shafin intanet da mutum zai harhaɗa mota yadda yake so ya ga jimlar kuɗinta. Ka gina guda uku masu kai ɗaya da bodi ɗaya da inji ɗaya: ajin ƙasa da aka ƙara masa abubuwan da ka ce dole ne, ajin tsakiya yadda yake, da ajin sama. Ka lura da ƙunshe-ƙunshen da ake ɗaure abubuwa a ciki, inda son abu ɗaya yake tilasta sayen biyar. Wani lokaci ajin ƙasa da aka yi ta yi masa ƙari yakan kusan kamo na tsakiya a kuɗi, a nan kuwa hawa na tsakiyar ya fi, domin a kasuwar motocin hannu sunan aji ake fara dubawa kafin jerin ƙari. Wani lokaci kuma ƙunshi ɗaya a kan ajin ƙasa ya gama biyan buƙata, tazarar kuɗin kuma tana nan da faɗinta.

Akwai zaɓi na huɗu da ya kamata a sa a ma'auni, wato ajin sama da aka yi amfani da shi shekara biyu ko uku, wanda kuɗinsa yakan yi kusa da na sabon ajin ƙasa. Wanda ya bi wannan hanya ya sami kaya da yawa, amma garantinsa ya ragu ko ya ƙare a daidai lokacin da na'urorin suka fara tsufa, don haka sai da tarihin gyaran motar a hannu da kuma binciken makaniken da ba ruwansa da mai sayarwa.

Mataki na takwas: gwaji da karɓar mota

Ka gwada azuzuwan a rana ɗaya kuma a hanya ɗaya, ka fara da na ƙasa domin na sama kada ya ɓata maka hukunci. Ka kashe rediyo ka saurari ƙarar hanya da ta iska, ka bi ta wurin da yake da gargada, ka shiga wurin ajiye motoci mai matsi ka ja da baya, ka zauna a kujerar baya da kanka idan mutane za su riƙa zama a can, ka haɗa wayarka da allon ka ga ko yana karɓar Android Auto ko Apple CarPlay. A-kori-kura maras lodi takan yi tsalle a baya saboda an yi sifirinta ne don kaya, saboda haka idan mai sayarwa ya yarda, a ɗora wani nauyi a bodi kafin a yanke mata hukunci. Idan tafiyar dare tana cikin aikinka, ka nemi a ba ka dama ka ga fitilun bayan faɗuwar rana.

Idan motar da ka tsara ba ta cikin waɗanda ke ƙasa, ka tambaya ko za a iya yin odarta daga masana'anta, domin jiran 'yan makonni ko watanni ya fi biyan kuɗin kayan da ba ka nema ba. Ka nemi a rubuta maka farashi na ƙarshe da ya haɗa haraji da rajista da duk wani abu da dillali ya ƙara da hannunsa, kamar fentin kariya ko baƙin gilashi, waɗanda kana da ikon cewa a cire su. Ranar karɓa kuma ka gwada lambar shasi mai harafi da lamba 17 da ke ƙasan gilashin gaba da wadda ke cikin takardun, ka bi jerin kayan da ka biya ɗaya bayan ɗaya, musamman waɗanda ido ba ya gani kamar lissafin aksul da makullin tayoyin baya da na'urar birkin tirela, sa'annan ka sake buɗe ƙofar direba ka tabbatar cewa adadin lodin da ke jikin ginshiƙin ya kai wanda lissafinka ya nema kafin ka sa hannu a takardar karɓa.